Neman shawara: Hular da na taso da ita ta zame mini abin tsokana a wurin aiki

Ɗan Mai Wankin Hula, Abuja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da wataƙila wasu za su ɗauke shi ƙarami, amma ni ya hana ni sukuni tun daga Babbar Sallah.

Ni haifaffen cikin birnin Kano ne, shekaruna 31. Sana'ar mahaifina wankin hula da guga, kuma da ita ya ciyar da mu tara, ya sa mu makaranta. Tun muna yara akwai dokar da ba a karyawa a gidanmu, wato namiji ba ya ƙetare soro kai ba hula, ko da kuwa aikensa aka yi ya sayo ashana a bakin layi. Akwai shekarar da kaftani biyu kacal nake da su, amma ban taɓa fita da ɗayansu ba tare da karin guga ba. Abin da Baba yake yawan faɗa mana shi ne, talaka ba shi da takardar shaidar da zai nuna a ƙofar mutane sai tufar da ke jikinsa.

Shekara uku ke nan ina aiki a wani kamfanin haɗa manhajar kwamfuta a Abuja. Yawancin abokan aikina 'ya'yan masu hali ne, wasu sun yi karatu a Ingila, wasu a Malesiya ko Dubai, kuma dukkansu, har da shugabanmu, da ƙananan kaya suke zuwa: tishat, wandon jins, kambas, wani lokaci ma silifas. Ni da na fara zuwa da kaftani da zanna, sai aka laƙaba mini "Alhaji" da "Honarabul", wani kuma ya tambaye ni da zuciya ɗaya ko ɗaurin aure zan wuce bayan an tashi. Ba da mugunta suke yi ba, na sani, amma na gaji da zama bare a cikinsu, saboda haka na ajiye manyan kaya na koma shiga irin tasu.

Abu biyu suka biyo baya. Na farko, an aike mu ni da wani abokin aikina gidan wani mai hulɗa da kamfaninmu a Maitama. Shi ya shiga da motarsa sanye da gajeren wando, maigadi yana sara masa, ni kuwa da na sauko daga tasi cikin tishat mai tsabta sai aka tsayar da ni a bakin ƙofa, aka tambaye ni ko gyaran janareta na zo. Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Da na je gida hutun Sallah, na sauka daga mota da jins, kaina ba hula, na tarar da Baba zaune a ƙofar gida tare da abokansa. Na durƙusa na gaishe su, ya amsa ba tare da ya ɗago ya dube ni ba. Bayan la'asar ya aiko ƙanena da hula wankakkiya a cikin leda, ba tare da saƙon komai ba. Sai da zan koma Inna ta gaya mini cewa ya ce mata, idan kunyar sana'arsa nake ji, gara in faɗa masa.

Ga shi kuma wata mai zuwa zan je gaida mahaifin yarinyar da nake nema. Gidan masu kuɗi ne, yayyenta maza ƙananan kaya suke sawa, ita kuma ta ce in zo yadda na ga dama domin mahaifinta ba ruwansa da irin wannan. Kawuna kuwa ya dage cewa sai na ɗinka babbar riga ta shadda Getzner ko da bashi zan ci, don kada a raina gidanmu. Wace shiga zan yi ranar? A ofis kuma in koma wa kaftanina ne, ko in ci gaba da bin yayi? Kuma ta yaya zan wanke kaina a wurin Baba?

Dattijo Mai Ritaya, Kaduna

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu, kuma zan ɗan tsawaita, domin abin da ya same ka a ƙofar gidan nan na Maitama ya girmi mahaifinka.

A ƙasar Hausa tufa ta daɗe tana faɗin matsayin mai ita tun kafin ya buɗe baki. Alkyabba ta sarakuna ce da manyan malamai, rawani mai kunne biyu a Kano na 'ya'yan gidan sarauta ne, takalmin gashin jimina kuwa na Sarki ne. Riga mai aska takwas ko malum-malum, wadda mai ɗinkin hannu zai yi watanni yana sunkuye a kanta, ba dokar da ta hana talaka sawa, aljihunsa ne ya hana shi. Muna yara mun ga dattawa suna tuɓe takalmi tun daga nesa kafin su gaida hakimi, kuma wannan yana cikin abubuwan da su Malam Aminu Kano suka yaƙa bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950. Shi Malam da gangan ya zaɓi sassauƙar farar tufa, kowa kuma ya gane abin da yake nufi da ita. Sai dai ka lura, Malam ɗan gidan malamai da alƙalai ne, mai ilimi, sananne, shi ya sa sauƙin tufarsa ya zama magana. Da ɗan dako ne ya sa irin wannan riga, ba wanda zai ce yana isar da wani saƙo.

Da na fara aikin gwamnati a Kaduna a farkon shekarun 1970, akawu ba ya shiga ofis sai da kwat ko cikakkun manyan kaya, domin su Sardauna sun riga sun mayar da babbar riga tufar mulki, ba a jin kunyarta a gaban Bature. A lokacin masaƙu suna aiki a Kakuri. Kaduna Textiles an buɗe ta a 1957, UNTL a 1964, ga Arewa Textiles, kuma lebura yana iya saya wa matarsa turmin atamfa daga albashinsa ba tare da ya ci bashi ba. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo a tsakiyar shekarun 1970, masinja ma ya ɗinka shadda. Na tuna yadda manyanmu suka riƙa gunaguni cewa yanzu ba a gane oga da yaronsa ranar Juma'a. Me suka yi? Sai suka koma leshi da shaddar da ake shigowa da ita daga Turai, suka ƙara wa aikin wuya faɗi. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 naira ta fara zubewa, masaƙun suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, talaka ya koma gwanjo da kayan Sin. To, kayan Sin ɗin nan su ne suka kawo mu inda muke, domin yau da kuɗi kaɗan za ka sayi shaddar da daga nesa ba ta da maraba da ta attajiri.

Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan shi ne, duk lokacin da talaka ya kamo tufar mai kuɗi, sai mai kuɗi ya matsa gaba ya bar masa ita. Yanzu da kowa zai iya shigar Alhaji, 'ya'yan Alhazawan sun tuɓe ta gaba ɗaya, sun mayar da alamar arziki cikin mota, da agogo, da waya, da irin Turancin da ke fita daga bakinsu. Abokin aikinka da ya shiga da gajeren wando ba tsirara ya shiga ba, motarsa ce babbar rigarsa. Kai ka kwaikwayi rabin shigarsa, rabin da ba ya cin kuɗi, ka baro ɗaya rabin.

Shawarata ita ce ka koma wa kaftaninka a duk inda ba a san ka ba. A cikin ofis, inda aikinka ya riga ya yi maka shaida, ka sa abin da ya sauwaƙa maka. Batun bashi don Getzner kuwa, ka ba kawunka haƙuri cikin ladabi.

Injiniya Matashi, Legas

Baba, Allah ya ƙara girma, na ƙaru da tarihin da kuka kawo, amma ina neman izini in saɓa muku a wuri guda. Ba duk wanda ya sa ƙananan kaya ne yake ɓoye alfahari a cikinsu ba. Ni ɗan manomi ne daga Funtuwa, kuma abin da ya raba ni da manyan kaya lissafi ne kawai. Kaftani ɗaya yana buƙatar wanki da sitaci da guga duk sawa ɗaya, wuta ba ta samuwa, kuɗin mai wanki ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga zafi, ga cunkoson mota. Tishat kuwa da kaina nake wanke ta da dare, in shanya, da safe in sa.

Bayan haka, mu matasa mun taso muna kallon waɗanda suka wawure dukiyar jama'a suna shiga kotu cikin babbar riga mai walƙiya, saboda haka kada a yi mamaki idan girman rigar ya ragu a idonmu. Mai kamfanin Facebook, Mark Zuckerberg, da tishat mai ruwan toka duniya ta san shi, kuma da ita ya zaga Yaba lokacin da ya zo Legas a 2016. Zamani riga ne. Ni dai ina ganin ɗan'uwana ya sa abin da ransa ya natsu da shi, ya bar aikinsa ya yi magana.

Dattijo Mai Ritaya, Kaduna

Ɗana Injiniya, maganarka ta wanki da wuta gaskiya ce, na karɓa. Amma misalin da ka kawo nawa ne, ba naka ba. A wannan tafiyar ta 2016, da mutumin ya je fadar shugaban ƙasa a Abuja gaida Shugaba Buhari, kwat ya sa, haka kuma da majalisar dokokin Amurka ta kira shi ya amsa tambayoyi a watan Afrilun 2018. Ashe shi ma ya san ƙofar da ake shiga da tishat da wadda ba a shiga da ita.

Maigadi, Gwarimpa

Salamu alaikum. Ni ba mai dogon karatu ba ne, amma shekara goma sha ɗaya ina aikin gadi a Abuja, kuma tun da an ambaci irinmu, ya kamata a ji ta bakinmu. Yallaɓai mai tambaya, ka yi haƙuri da abin da ɗan'uwana ya yi maka, sai dai ina so ka san cewa shi ma a kan siraɗi yake. Idan ya bar wanda bai kamata ba ya shiga, aikinsa ne zai tafi, kuma ba wanda ya ba shi wata na'urar gane mutane, da ido kawai yake aiki, cikin ɗan lokacin da mutum zai tako daga titi zuwa ƙofa.

Abin da muke fara dubawa shi ne yadda mutum ya iso, a mota ko a ƙafa. Wanda ya zo a babbar mota ba ma ganin rigarsa sam. Wanda ya zo a ƙafa kuwa, takalminsa muke fara kallo, sannan rigarsa. Masu gyaran wuta da famfo da na'urar sanyaya ɗaki duk da tishat da jins suke zuwa, da jaka a baya, kamar yadda na tabbata kai ma ka zo da jakar kwamfutarka. Da a ce ka sauko daga tasin nan da kaftani mai guga da hula a karkace, wallahi "ranka ya daɗe" za ka fara ji, ko da babu ko sisi a aljihunka. Mu kanmu mun san ana yaudararmu da haka, domin 'yan damfara sun fi kowa iya shiga, amma duk da haka ba mu da wani ma'auni da ya fi shi.

Tela, Fagge

Ƙanena, ni zan yi magana a kan abin da na sani, wato yadi da ɗinki, domin shekara ashirin da shida ke nan ina kan keke.

Getzner ta asali daga ƙasar Ostiriya take zuwa, kuma cikakken ɗinki na babbar riga da 'yar ciki da wando yana cin kamar yadi goma. Kuɗin wannan yadi kaɗai, kafin a zo ga aikin wuya da ladan tela, ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ka shiga Kantin Kwari ka taya da kanka. Kuma bari in faɗa maka wani abu da teloli suka sani amma ba su cika faɗa ba. A littafin bashina, waɗanda suka fi yawa masu matsakaicin albashi ne da suka ɗinka abin da ya fi ƙarfinsu don biki ko Sallah. Manyan attajiran da nake yi wa ɗinki, yawancinsu yanzu yadi mara sheƙi suke kawowa, fari ko ruwan toka, su ce a yi musu ɗan siririn aiki a wuya, ko ma a bar shi haka. Mai neman a cika masa ƙirji da zare har ciki, sau da yawa shi ne wanda zan yi wata uku ina bin sa cikon kuɗi.

Idan ka ce za ka sayi ta kwaikwayo don ka rage kuɗi, ka sani surukinka, in dai mai kuɗin gaske ne, daga yadda shaddar take zuba a jikinka zai gane ta, ba sai ya taɓa ba. Idan kuma ka ci bashi ka sayi ta asali, to ya san aikinka, ya san gidanku, zai yi lissafi a zuciyarsa ya gane cewa ka shigo masa da albashin wata biyu a kafaɗa. Kayan aro ba ya rufe katara. Ko ta wace hanya ka bi, abin da kawunka yake gudu shi zai faru.

Ga abin da zan yi da kai ƙanena ne na ciki ɗaya. Ka sayi yadi biyar mai kyau daidai ƙarfinka, fari ko shuɗi mai haske, a yi maka kaftani da wando da aka auna a jikinka sosai, kafaɗa ta zauna, hannu ya tsaya a wuyan hannu, tsawon ya wuce gwiwa. Ɗinkin da ya zauna ya fi tsadar yadi fitowa. Ka sa takalmi sau-ciki mai tsabta, ka rage turare. Babbar riga ka bar ta sai ranar ɗaurin aure, ranar gaisuwa ta waliyyai da iyaye ce, kai yaro ne a wurin, kuma yaron da ya fi surukinsa girman riga bai yi dabara ba. Hula kuwa ba sai na koya wa ɗan mai wankin hula ba. Ka dai guji mai yawan kala, irin wadda sunanta ma yake tallar kuɗi kamar mu-haɗu-a-banki, ka nemi zanna ko damanga mai natsuwa.

Malamar Makaranta, Zariya

Ɗana, maza sun yi ta magana a kan yadi da ƙofa, ni kuwa hankalina yana kan ledar nan da mahaifinka ya aiko maka da ita.

Kafin in zo kanta, bari in ce abin da kake kuka da shi mu mata mun daɗe a cikinsa, kuma namu ya fi tsanani. 'Yar mai kuɗi za ta yafa ɗan siririn gyale a kafaɗa ta fito daga mota a wurin biki, a ce wayayya ce. 'Yar talaka ta yi irin wannan shigar ta tsaya a bakin titi tana jiran adaidaita, kafin magariba an ɓata sunan gidansu a unguwa. Ina koyar da 'yan mata fiye da shekara ashirin, na ga yadda dogon hijabi ya zama rufin asiri iri biyu ga 'ya'yan marasa ƙarfi, yana suturta jiki, yana kuma rufe koɗaɗɗiyar atamfar da ke ƙarƙashinsa. Na kuma ga matan da suka shiga adashi uku don ankon bikin da ba a ma lura da zuwansu ba. Don haka ina goyon bayan Tela ɗari bisa ɗari a batun bashi.

Maganar yarinyar cewa mahaifinta ba ruwansa, kada ka ɗauke ta a matsayin izini. Ba ƙarya take yi ba, iyakar abin da ta gani ta faɗa, domin ba ruwansa da shigar 'ya'yansa, waɗanda ya san asalinsu tun daga zanen goyo. Kai baƙo ne mai neman a ba ka amana. Ko da shi bai duba ba, akwai gwaggwanni da ke leƙe ta taga, kuma su ne za su yi ta maimaita yadda ka shigo har bayan an haifi 'ya'ya.

Yanzu ga batun mahaifinka. Mutumin nan ya yi shekaru yana wanke hular wasu, yana ɗora ta a kan gungume, yana goge ta har ta tsaya, da hannayen nan ya biya maka kuɗin makaranta. Rannan ɗansa da yake alfahari da shi ya dawo daga Abuja, a gaban abokansa, kuma abu ɗaya tilo da ya ajiye daga jikinsa shi ne abin da uban yake ci da shi. Kai a ranka sauƙin tafiya ka nema, shi kuwa abin da ya karanta daban ne, kuma ya faɗa wa mahaifiyarka a fili. Dogon bayani a kan yadda ake shiga a kamfanonin zamani ba zai warkar da wannan ba, zai ma ƙara masa tabbacin cewa ka shiga duniyar da ba shi da wuri a cikinta. Ka kira shi ka ce masa, Baba, zan je gaida surukai, kuma ba na son in sa wata hula sai wadda ka zaɓa mini da hannunka. Kada ka haɗa da ban haƙuri mai tsawo, iyayenmu maza ba su iya karɓar irin wannan ba, kunya take ba su. Ka dai mayar masa da matsayinsa na wanda ya fi ka sanin wannan fanni.

Almajirin Malamai, Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Zan taƙaita a kan hukunci, don kada a ɗora wa addini abin da al'ada ce ta ɗora, kada kuma a yi wasa da abin da addinin ya kiyaye.

Sanya hula ba farilla ba ce, kuma sallar wanda ya yi ta kai a buɗe ta inganta. Abin da ya wajaba ga namiji shi ne suturta tsakanin cibiya da gwiwa da tufar da ba ta bayyana fata, an kuma haramta masa alhariri da zinariya. Saboda haka tishat da wando mai yalwa ba zunubi ba ne, gajeren wandon da ya bar cinya a waje shi ne abin dubawa, ko ɗan wane ne ya sa shi. Allah Maɗaukaki ya ambaci tufa a Suratul A'araf, aya ta 26, a matsayin sutura da ado, ya ce tufar taƙawa ita ce mafi alheri, a aya ta 31 kuma ya yi umarni da yin ado a wurin kowane masallaci tare da hani ga almubazzaranci. A hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Muslim ya ruwaito, da wani ya ce mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya amsa cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Wannan ma'auni ya kama mai babbar rigar da ke raina mai tishat, ya kuma kama mai tishat ɗin da ke yi wa mai kaftani dariya.

Malamai sun yi magana a kan tufar neman suna, wadda hadisin Abu Dawuda da Ibnu Majah ya yi gargaɗi a kanta, suka ce tana iya kasancewa ta tsananin tsada, tana kuma iya kasancewa ta ƙasƙanci da gangan don a nuna mutum da yatsa. Sun kuma ɗauki bin kyakkyawar al'adar mutanen gari a tufa a matsayin wani ɓangare na mutunci. Cin bashi don burge surukai ya fi kusa da abin da aka hana. Amma faranta ran mahaifi da abin da ba saɓo ba ne, kuma ba ya cutar da kai, wannan ya fi ƙarfin al'ada, ya shiga babin biyayya ga iyaye. Hular da ba wajiba ba ce a kan kowa tana iya zama abin da za ka samu lada mai yawa da ita saboda wanda ya aiko maka da ita. Allah ne mafi sani.

Injiniya Matashi, Legas

Allah ya gafarta Malam, na gamsu da wannan rarrabewa. Hajiya Malama kuma ta sa na tuna cewa rabona da sa hula a gaban mahaifina tun bikin ƙanwata. Har yanzu dai ina nan a kan ra'ayina game da ofis, domin idan duk 'ya'yan talakawa suka ci gaba da yin ado don tsoron maigadi, ba ranar da za a daina auna mu da riga.

Ɗan Mai Wankin Hula, Abuja

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na jinkirta amsa ne don in fara aikata wani abu daga cikin shawarwarinku.

Daren Juma'a na kira Baba na faɗa masa kamar yadda Hajiya Malama ta tsara mini, ban ƙara komai ba. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya tambaye ni ko har yanzu lamba ashirin da biyu da rabi nake sawa, ko zaman Abuja ya ƙara mini girman kai. Na ji Inna tana dariya daga gefe. Ya ce akwai wata zanna da ya ajiye tun bara, kada in sayi yadi sai ya aiko mini da hotonta ta wayar ƙanena, domin hula ake fara zaɓa sannan a nemo mata riga. Kawu bai ji daɗi ba da na ce ba zan ci bashin ba, ya ce ba ruwansa idan aka yi mana kallon matsiyata, kuma har yanzu ban san yadda zan sauko da shi ba, tun da shi ne zai jagoranci masu neman auren.

A ofis ban yanke hukunci ba tukuna. Ranar Litinin na sa kaftani, aka ce "Alhaji ya dawo", na amsa da "na'am", aka yi dariya aka wuce. Ranar Talata da aikin jan wayoyi a ɗakin na'urori ya taso, tishat na sa, kuma maganar Injiniya tana raina.

Yaya Tela, hoton hular ya iso ɗazu. Ƙasanta fari ne, aikin kuma shuɗi mai duhu da ɗan ruwan ƙasa a baki. Farin yadi zan saya, ko shuɗi mai hasken da ka ambata?